Gishirin da Ya Rage a Jikin Sandar Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai rai Ya karɓi abinSa. Baba ya rasu wata Laraba bayan la'asar, a ɗakinsa na gidanmu da ke Ƙofar Sauri, hannunsa cikin nawa, bakinsa yana motsi da kalmar shahada. Allah Ya sa ita ce ƙarshen maganarsa a wurinSa kamar yadda ta zama a wurinmu.

Gidan ya cika har tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci. Maza suna zaure da ƙofar gida, mu mata muna ciki. Kowa ya zo da abin da ya riƙe na Baba. Liman ya ce tun da ya karɓi limanci bai taɓa waiwayowa ya rasa shi a sahun farko ba, sai da ciwo ya kwantar da shi. Goggo, ƙanwarsa da ta rage, carbi kawai take ja, hawaye na bin wuyanta. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu kuwa ta shigo tana dogara sanda, ta zauna kusa da ni ta ce, "Ɗiyata, igiyar gugata har yau ƙullinsa ce. Igiyar ta tsinke sau biyu, ƙullin bai kwance ba." Sai mata suka fara, wannan ta ce igiyar shanyarta ma shi ya ɗaure, waccan ta ce turken akuyarta. Ashe rabin unguwa a ɗaure take da ƙullin masunta, a garin da ko kogi babu.

Ina madafa ina zuba kunun sadaka, bangon zaure ne kawai tsakanina da maza, na ji muryar Yaya Babba, babban wanmu, yana amsa gaisuwa. Ya ce, "Burinsa ɗaya a ƙarshen nan mu kai shi ya sake ganin teku. Mun so, wallahi, Allah ne bai nufa ba." Mutane suka ce, "Allah sarki. Ai kun yi ƙoƙari. Allah Ya yi maku albarka."

Na ajiye ludayin. Na san babu abin da ke faruwa sai da nufin Allah, ban taɓa shakka ba. Amma na kuma san abin da mutane suka yi da hannunsu. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce saƙon waya ba tun da na bar sakandare. Ina tsoron kada a manta da Baba, kuma ina tsoron kada a tuna shi a bisa wannan magana ta zaure.

A unguwa Alhaji na Ikko ake ce masa, don shi har ya rasu bai taɓa cewa Legas ba. Yana saurayi ya tafi can aiki a tashar jiragen ruwa, yaron birni da bai san ruwan da ya wuce kududdufin damina ba. Yakan ce ranar da ya fara tsayawa gaban teku takalmansa ya tuɓe, kamar wanda zai shiga masallaci, ya rasa abin faɗa sai Subhanallah. A can ya yi wani amini Bayarabe mai kwale-kwale, shi ya koya masa kamun kifi da fatsa. Kowace Asabar da an sallame asuba sun fita. Haka ya yi ta yi har ya ajiye aiki ya dawo Katsina da mu, da doguwar sandar kamun kifi mai ɗan keke na naɗe zare, da ƙaramin akwatin ƙarfe cike da ƙugiyoyi da dalma.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Kuma ni ce mai zaman sauraro. Su Yaya da an fara labarin ruwa sai su tuna suna da wurin zuwa. Ni da ko kwale-kwale ban taɓa shiga ba, yau in aka tashe ni daga barci zan iya faɗin yadda ake yi.

"Uwata, ba a tahiya nesa," haka yake farawa. "Masu kuɗi su ka son tsakiyar teku don a ɗauke su hoto. Kihi yana nan kusa da gaɓa, inda ruwan cikin gari ya haɗu da na teku. Gindin ƙafar gada, gefen duwatsu, ƙarƙashin itatuwan nan da saiwarsu ke cikin ruwa. Nan yake laɓewa yana jiran abinci ya zo ya same shi."

Ya ce teku numfashi take yi, ta cika ta janye, safe da yamma. Lokacin da ruwa ke hawa ko yake sauka, lokacin kifi ke ci. In ruwa ya tsaya cak, ka ajiye sanda ka ci gurasarka, ko Sarkin Ruwa ne kai ba abin da za ka samu. Ya ce ka duba sama kafin ka duba ƙasa: inda ka ga fararen tsuntsaye suna faɗawa ruwa, ƙananan kifi ne suka taso, manya kuma suna ƙarƙashinsu. Abin da ake saƙala wa ƙugiya jatan lande ne mai rai, a soke shi ta wajen wutsiya a hankali don kada ya mutu, ya ci gaba da ɗan tsalle a ruwa. Ba a buga ƙafa a cikin jirgi, ba a jefar da bokiti, don kifi yana ji. A fita da sanyin safiya, a sa malafa, a ɗauki ruwan sha fiye da wanda ake zato. In hadari ya haɗo ta wajen teku, a naɗe zare ko da kifi na ci.

"In ƙarami ne fa, Baba?"

"Ki cire mashi ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu ki maida shi. Ki ce mashi ya gaida uwa tai."

Yana son ba da labarin sallarsu a ruwa, yadda yake alwala da ruwan teku ya tsaya ya daidaita alƙibla, kafin ya kai ruku'u kwale-kwalen ya juya da shi wajen Kwatano. Sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Amma dokar da ta fi kowace girma a wurinsa ita ce wanki. Duk abin da ya taɓa ruwan gishiri, sanda, keke, zare, ƙugiya, a wanke shi da ruwan daɗi a ranar, kafin mutum ya ci abinci. Ya ce gishiri ba ya barci, yana nan yana cin ƙarfe kai kana kwance. Abin ya zame masa jiki har bayan ya baro Ikko. Kowace Juma'a da hantsi, kafin ya yi wankan masallaci, zai sauko da sandar daga ƙusoshinta, ya zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida da ƙwaryar ruwa da tsumma, ya wanke ta, ya goge, ya ɗiga wa keken mai. Sandar da ta shekara aru-aru ba ta ga teku ba.

A kan haka ne kaɗai na taɓa ganin sun yi cacar baki da Inna, Allah Ya jiƙanta. Wata shekara da bazara famfo ya ɗauke, rijiya ta ja baya, 'yan garuwa sai an bi su da roƙo. Inna ta fito ta tarar ya ɗebi ruwan randa.

"Alhaji, ruwan da zan ɗora tuwo da shi ka zuba wa sanda?"

"Ƙwarya ɗaya ce."

"Gishirin mi za ka wanke? Wanne teku ta shiga, na Ƙofar Sauri?"

"Ranar da za ta koma, ba na son ta je da kunya."

"To yau sai ta tuƙa maka tuwon."

Ranar ba su sake magana ba har magariba. Amma da Juma'a ta zagayo na ga Inna da kanta ta ware ruwa a ƙwarya ta rufe da faifai ta ajiye masa gindin bishiya. Haka ta riƙa yi har ta rasu. Bayan ta, ni na gaji ƙwaryar. Daga gidana na Ƙofar Guga nake zuwa kullum da abincinsa, maigidana bai taɓa hana ni ba, Allah Ya saka masa.

Auta, ƙaramin ƙanenmu, ya taɓa kai shi dam ɗin Ajiwa don ya ɗebe masa kewa. Baba ya zauna a bakin ruwa ya daɗe, ko sandar bai kwance ba. Da suka dawo na tambaye shi, ya ce, "Ruwa ne, Uwata, Allah Ya yi mashi albarka. Amma ba ya numfashi."

Ciwon suga ya ci idonsa a hankali, har ya zama sai dai ya gane mutum da murya. A wannan halin ne, da Babbar Sallar da ta wuce, muna zaune gaba ɗaya ana suyar nama, Yaya Babba da ya zo daga Abuja ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, bana za ka koma teku. In yara sun sami dogon hutu, cikin Agusta, lokacin da ruwan sama ke ɗan ɗaukewa a can. Jirgin sama za mu hau, ni da kai da Auta. Zan ɗauki hayar jirgin ruwa Asabar da Lahadi." Babu wanda ya roƙe shi. Shi ya faɗa da bakinsa, a gaban Goggo, a gaban matansu da jikoki.

Baba ya ce, "Ko ban gani ba zan ji ƙamshinta."

Ban taɓa ganin tsoho ya koma yaro kamar a watannin nan ba. Mutumin da sai na yi da gaske yake shan magani, ya koma shi ke tuna mini. Ya daina satar zuba sukari a koko. Kullum da safe sai ya dafa kafaɗata mu zagaya tsakar gida, wai yana koya wa ƙafafunsa tsayuwa a jirgi. Ya sa na buɗe akwatin ƙarfe, yana lalube yana ɗaure ƙugiyoyi da yatsun da ke rawa, kuma ƙullin yana fita daidai. Kullum sai ya tambaye ni kwanan wata, don ya ce ruwa ya fi motsi in wata ya cika ko yana sabo, da haka ya zaɓi Asabar ɗin da za a tafi, ya sa na kira Yaya na gaya masa. Yaya ya ce to. Ni kuma na yi masa dambun nama, na kai shaddarsa wurin tela aka rage, don ya rame. Na saya masa sabuwar malafa.

Ana saura kwanaki kaɗan sai Auta ya shigo, ya gaishe shi, ya ce Yaya ya aiko a ba da sandar a kai Kano wurin wani mai gyara, a duba keken kafin tafiya.

Baba ya ce, "Mi ya same ta? Lafiya lau take."

"Don dai a tabbata, Baba. Ta daɗe ba ta yi aiki ba."

Ya daɗe yana shafa ta kafin ya miƙa. Ya ce, "Ka gaya ma mai gyaran kada ya matse ta da yawa." Ni na naɗe ta a tsohon zanen Inna da hannuna, na miƙa wa Auta.

Asabar ɗin ta zo. Baba ya yi wanka tun asuba, ya sa shaddarsa, ya zauna a kujera da malafa a cinya. Wayar Yaya a kashe, ta Auta ba a ɗauka. Sai da azahar saƙo ya shigo mini cewa aiki ya taso, an ɗage, a ba Baba haƙuri. Na karanta masa. Ya ce, "To, aikin gwamnati. Wata zai sake cika." Ya ba ni malafar na rataye. Dambun na raba wa jikoki.

Bayan mako biyu ko uku Auta ya dawo da sandar. Bai shiga ɗaki ba, a zaure ya ba ni ya ce yana sauri. Ranar Juma'a ce. Na kai wa Baba gindin dalbejiya, na kawo ƙwaryar ruwa. Ya kwance zanen, ya bi jikin sandar da yatsa, ya juya keken. Na ji yana ƙara, wani ɗan kar-kar da ban san shi da shi ba. Ya jawo zaren ya murza tsakanin yatsunsa. Sai na ga ya kai shi bakinsa ya taɓa da harshe.

Ya daɗe a haka, zaren a leɓensa.

Sannan ya ce, a hankali, "Uwata, yaushe aka yi teku a Kano?"

Ban gane ba. Ya miƙo mini zaren. Na lasa. Gishiri ne.

Na fita da mayafina a hannu, na tarar da Auta bai ma tada mashin ba, yana tsaye a ƙofar gida kamar mai jiran hukunci. Ban ɗaga murya ba, don maƙwabta. Na ce, "Ina kuka kai ta?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce sun je. Asabar ɗin da Baba ya zaɓa, ita suka je. Yaya ya riga ya biya jirgin, sai wasu manyan abokan aikinsa suka nuna sha'awa, ya ga in Baba ya faɗi a ruwa ko suga ya tashi a gaban baƙi, wa zai ɗauki alhaki.

"Kun tambayi likita?"

"A'a."

"Kun tambaye shi?"

Ya kau da kai.

"To sandar fa? Da kun bar masa sandarsa."

Ya ce Yaya ne ya so ya nuna wa baƙin, irin ta da ce, ba a samun ta yanzu. Ya ce, "Wallahi, ban ji daɗin tafiyar ba." Na ce masa ya shiga ya faɗa wa Baba haka da bakinsa. Ya ce ba zai iya haɗa ido da shi ba. Mutumin da ba ya gani. Ya hau mashin ya tafi.

Da a ce sun zo sun durƙusa sun ce, Baba, mun ji tsoro, jikinka ba zai ɗauka ba, wallahi da ya fi kowa fahimta. Shi ne mai cewa a naɗe zare in hadari ya haɗo. Amma suka bar shi ya yi ta zagaya tsakar gida, suka karɓi ranar da ya zaɓa da lissafin watansa, suka sa ni na naɗe masu sandarsa a zanen uwarmu.

Na koma ciki ina shirya ƙaryar da zan yi masa, sai ya riga ni. Bai tambayi dalili ba. Cewa ya yi, "Sun kama?"

Na ce ban sani ba.

"A ina suka tsaya? Ruwa na hawa ne ko na sauka? Sun ga tsuntsaye?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ya gyaɗa kai. Labarin kawai yake so, ko shi da an ba shi da ya ƙoshi. Har ya rasu babu wanda ya zo ya zauna ya ba shi. Yaya yana kira ya tambayi jiki, ya turo kuɗin magani, su yi sallama. Baba bai taɓa ɗaga maganar ba.

Na jawo ƙwaryar na jiƙa tsumma na ce bari in wanke, gishirin ya kwana da yawa. Ya dafe hannuna.

"Bar shi."

"Zai ci ƙarfen, Baba. Kai ka ce."

"Na sani. Bar mani shi. Shi ke nan tekun da zan samu."

Daga ranar ba a sake wanke sandar ba. Ya hana in mayar da ita ƙusa, ya sa na jingine ta a gefen gadonsa. Sau da yawa in na shigo da abinci ba tare da ya ji ni ba, sai in tarar ya jawo zaren yana taɓa shi da harshe, idonsa a rufe. Ya daina zagayen tsakar gida. Bai sake tambayar kwanan wata ba. Ba na cewa wannan ne ya kashe shi, astagfirullah, kwana ne ya ƙare. Ina dai faɗin abin da idona ya gani. Tsatsa ta fara fitowa a zobban sandar, keken ya ƙage ya daina juyawa.

Ana jibi zai rasu ya ce mini, "Uwata, na yafe masu. Tsoro ne, kuma yara ne. Ke ma ki yafe." Na ce, "Ina ƙoƙari, Baba." Ban iya yi masa ƙarya ba.

Bayan sadakar uku, da mutane suka ragu, Yaya ya shigo ɗakin Baba ya same ni ina ninke kayansa, Goggo na zaune a bakin gado. Ya ce in ba mai so, shi yana son sandar, zai rataye ta a falonsa don tunawa. Ya ɗauko ta, ya juya ta a haske, ya gwada keken ya ƙi motsi. Fuskarsa ta ɓaci.

"Wa ya bar ta ta yi tsatsa haka? Ba ke ke kula da kayansa ba?"

Na ce, "Tsarabar da kuka kawo masa ce, Yaya. Ya hana a wanke."

Ya dube ni. Na ce, "Ya lasa ya ji, tun ranar da aka dawo da ita. Abin da ya tambaya kawai, ko kun kama."

Carbin Goggo ya tsaya. Yaya ya dubi tsatsar. Ya zauna a ƙasa, babban mutum da babbar riga, sandar a cinyarsa, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Mun kama guda biyu." Ya faɗa yana kallon gadon. Da zai fita ya jingine ta inda ya ɗauke ta.

Yanzu tana ɗakina a Ƙofar Guga, cikin zanen Inna. Juma'ar da ta wuce da hantsi na ɗebi ruwa a ƙwarya ba tare da na yi tunani ba, na zauna da ita a tsakar gida. Na daɗe. Daga baya na zuba wa kaji ruwan.

Ya Allah, ga bawanKa nan, ɗan Katsina da ya tuɓe takalmi a gaban tekunKa. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da Inna, Ka mayar masa da idonsa ya ga ruwan da ya fi wanda aka hana shi. Ka shirya 'yan'uwana. Ni kuma Ka wanke mini zuciyata, don Baba ya roƙe ni abu ɗaya, har yau ban gama cika masa ba. Amin.